Aiki ɗaya, albashi biyu: yadda giɓin Bature da ɗan ƙasa ya samo asali a Maiduguri

Duk wanda yake da ɗan uwa da ya samu aikin "NGO" a Maiduguri ya san yadda ake kallonsa a gida. Mu nan Kudu, daga Agege zuwa Sabon Ibadan, da an ji labarin sai a ce ai wane ya haye. Amma in ka zauna da su za ka ji wani ƙorafi da ba ya ƙarewa: ofis ɗaya, aiki ɗaya, wani lokaci ma ɗan ƙasa ne yake koya wa baƙon aikin, amma albashin ko kusa ba ɗaya ba. Abin ba yau ya fara ba.

A shekarar 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, a wannan tsakanin kuma Turawan Ingila suka mayar da Maiduguri hedikwatar lardin Borno. Aikin gwamnati a lokacin kashi biyu ne a rubuce, babu ɓoye-ɓoye: muƙaman Turawa da muƙaman 'yan Afirka. Razdan, Di'o da manyan jami'an ilimi da na ayyuka duk Turawa ne. Baƙin mutum kuwa iyakarsa akawu, tafinta, malamin makaranta ko masinja. Tun 1902 aka kafa hukumar likitocin gwamnati ta Afirka ta Yamma da sharaɗin cewa sai mai asalin Turai zai shiga, alhali akwai likitoci 'yan Legas da Saliyo da suka yi karatu a jami'o'in Birtaniya. Har wurin kwana an raba. Unguwannin da muke kira GRA yau asalinsu na Turawa ne zalla, kuma ƙa'idar zamanin Lugga ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da gidajen 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin sauro.

Rayuwar Kashim Ibrahim ta isa misali. An haife shi a Yerwa a 1910, ya yi Kwalejin Katsina, ya dawo gida yana koyarwa a 1929. Sai da ya kwashe kusan shekara ashirin a fagen ilimi kafin ya kai matsayin jami'in ilimi, kujerar da saurayin Bature yakan hau daga saukowarsa jirgi. Wannan mutumin dai shi ne ya zama Wazirin Borno, sannan a 1962 ya gaji Sir Gawain Bell a matsayin Gwamnan Jihar Arewa. Ashe ba ƙwarewa ce ta yi ƙaranci ba, ƙofa ce aka rufe.

Ƙofar ba don Allah aka buɗe ta ba. A 1945 ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari na sama da wata guda a kan tsadar rayuwa, Michael Imoudu na 'yan reluwe yana kan gaba. A 1946 kwamitin Harragin ya canza sunayen: muƙamin Bature ya koma "babban ma'aikaci", na ɗan Afirka ya koma "ƙaramin ma'aikaci". Sai dai an ƙirƙiro wani alawus na barin gida wanda Bature kaɗai ke karɓa. Wato ko ɗan ƙasa ya hau kujera ɗaya da shi, a ƙarshen wata Baturen ya fi shi. A riƙe wannan alawus ɗin a zuciya, don za mu sake haɗuwa da shi. A 1947 aka hana Ivor Cummings, baƙar fata kuma jami'in Ofishin Mulkin Mallaka daga Landan, masauki a otal ɗin Bristol na Legas, abin ya zama abin kunya har Gwamna Richards ya hana wariyar fili a asibitoci da wuraren jama'a. A 1948 kwamitin Foot ya ba da shawarar a riƙa ɗaukar 'yan Najeriya a manyan muƙamai.

A soja ma haka. Zakariya Maimalari, ɗan ƙasar Borno wanda barikin Maiduguri ke ɗauke da sunansa, yana cikin 'yan Najeriya na farko da suka fito daga Sandhurst a farkon shekarun 1950, amma sai 1965, shekara biyar bayan 'yancin kai, aka samu ɗan ƙasa a shugabancin rundunar.

Akwai wani ɓangare da ya kamata mu mazauna Kudu mu sani, ko da ba daɗin ji. Gwamnatin Sardauna, a manufarta ta mayar da aiki hannun 'yan Arewa, ta gwammace ta ɗauki Bature a kwantiragi in babu ɗan Arewa, maimakon ta ba ɗan Kudu kujerar dindindin. Hujjarta ita ce Bature zai tafi, ɗan Kudu kuwa in ya zauna ya zauna. Shi ya sa Turawa suka daɗe a ofisoshin Arewa fiye da na Yamma da Gabas, kuma har yau wasu maƙwabtanmu suna tuna mana.

Yanzu ga zamaninmu. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya mayar da Maiduguri cibiyar ayyukan agaji, musamman daga 2016 da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan ƙungiyoyin waje suka cika garin. Yawancinsu da sikelin albashi biyu suke aiki. A Majalisar Ɗinkin Duniya abin ma yana da suna: ma'aikatan ƙasa da ƙasa ana auna albashinsu da na ma'aikatan gwamnatin da ta fi biya a duniya, a aikace ta Amurka, ana ce da wannan ƙa'idar Noblemaire. Waɗanda aka ɗauka a gida kuma ana auna nasu da abin da manyan ma'aikatun garin ke biya, ita ce ƙa'idar Flemming. Baƙo yana da dala, da gida mai tsaro, da hutun fita ƙasar duk bayan 'yan makonni, da inshorar da za ta ɗauke shi a jirgi in ya kwanta ciwo. Alawus ɗin Harragin ne ya canza riga. Wani bincike da masana ƙarƙashin Stuart Carr suka fitar a 2010, a ƙasashe shida ciki har da Malawi da Uganda, ya gano baƙo yana karɓar kimanin ninki huɗu na abin da takwaransa ɗan ƙasa ke samu, kuma ba don ya fi shi ilimi ko gogewa ba.

Faɗuwar naira ta ƙara faɗaɗa ramin. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,400. Mai karɓar dala bai ji komai ba, mai karɓar naira kuwa albashinsa ya narke a hannunsa.

A yi adalci, ba duka launin fata ba ne. Da yawa daga cikin "baƙin" da ke Maiduguri 'yan Kenya ne, da Uganda, da Kwango, da Habasha, baƙaƙe kamarmu. Fasfo da irin kwantiragi su ne suka raba. Ƙungiyoyin kuma suna cewa in suka biya kowa da sikelin waje za su kwashe likitocin asibitocin gwamnati kaf, kuma akwai kujerun da baƙo ya fi samun sauƙin riƙewa don ba shi da dangin da za a matsa masa ta kansu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai in ka ɗaga kai sama, can inda ake yanke shawara a Janeba, Landan da New York, fuskokin sukan koma fari. A 2020 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF kusan dubu, na da da na yanzu, sun sa hannu a wasiƙar da ta zargi ƙungiyar da wariyar da ta shiga cikin tsarinta, shugabanninta kuma suka amsa cewa akwai gyara. A taron Istanbul na 2016 an yi alkawarin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin gida kafin 2020. Wa'adin ya wuce ba a kai ko kusa ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne rabon haɗari. Wanda ya iya Kanuri, Hausa da Larabcin Shuwa shi ake turawa Rann, Monguno da Dikwa. Saifura Khorsa da Hauwa Liman, ma'aikatan lafiya na Red Cross da aka sace a Rann a Maris 2018 aka kashe su a wannan shekarar, 'yan ƙasa ne. Haka maza biyar da aka kashe a Yulin 2020 bayan an sace su a hanyar Monguno. Allah ya jiƙansu.

A Amurka, inda ake ƙididdige irin wannan duk wata uku, matsakaicin albashin baƙin namiji mai cikakken aiki bai cika wuce kashi huɗu cikin biyar na farin namiji ba. Wani gwaji da aka wallafa a 2004 ya aika takardun neman aiki iri ɗaya a Boston da Chicago, sunaye kawai aka canza: masu sunan farare sun samu kira da kusan rabi fiye da masu sunan baƙaƙe. Mu a nan babu hukumar da ke fitar da irin wannan lissafi a kai a kai, shi ya sa maganar take ƙarewa a majalisar shayi.

Ga mai aiki a kamfanin 'yan waje a Apapa, Ikeja ko Fatakwal, akwai abin riƙewa. Kamfani ba ya kawo baƙo sai da izinin adadi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma sharaɗin shi ne a haɗa shi da 'yan Najeriya masu koyon aikin don su gaje shi. Dokar 2010 ta fifita 'yan ƙasa a harkar mai da gas ta ƙara ƙarfafa wannan. Harajin ɗaukar baƙi da gwamnatin Tinubu ta ƙaddamar a Fabrairun 2024, dala 15,000 ga darakta da 10,000 ga sauran, an dakatar da shi cikin 'yan kwanaki bayan kamfanoni sun yi ca. Ƙarar da ta shafi albashi ko wariya a wurin aiki, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai ta. Kafin ka sa hannu a kwantiragi, tambayi matakin da aka ɗora ka, da kuɗin da za a biya ka da shi, da ko akwai sharaɗin gyara albashi in naira ta faɗi, sannan ka ajiye kwafinka a gida.