Alƙalamin Gamba Da Alƙalamin Istambul

Kafin rana ta ɗaga a Chikaji ta Zariya za ka tarar da almajirai a bakin zaure sun jingine allunan da suka wanke, suna jiran su sha iska. Da allo ya bushe sai yaro ya jawo kurtun tawada, ya tsoma alƙalaminsa na gamba, ya karkata kai ya fara jan baƙi. Kolon da bai kai rubutu ba yana gefe yana rera alu, ambaki, wau, zal. Ba wanda ke kiran wannan zaure makarantar fasaha, alhali daga irinsa aka samu hannuwan da suka rubuta Alƙur'anan da jami'o'in Turai ke ɗaukar hotonsu yanzu shafi-shafi.

Rubutun nan namu jininsa na Magrib ne. Shi ya sa fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya tak a sama, karatun kuma na Warshu. Amma da ya sauka Borno sai ya yi ƙiba, ya yi kusurwa, ya zama nasu. A 1960 Baturen nan A. D. H. Bivar ya yi bayanin wani Alƙur'ani na Borno mai ɗauke da kwanan watan da ya yi daidai da 1669. Dixon Denham, wanda ya zauna a Kukawa a shekarun 1820, ya ba da labarin ana kai Alƙur'anan Borno har Arewacin Afirka ana sayarwa da tsada. Gardawan ƙasar Hausa kuwa sun daɗe suna tafiya gabas don su gyara tilawa da hannu. Ashe yin ƙaura saboda alƙalami ba yau aka fara ba.

Sai ka ga alaramma yana aiki kafin ka san nauyin abin. Ba ya duba littafi, daga ka yake zubowa, izu sittin. Takardarsa a da ta Italiya ce, wadda in ka ɗaga ta a hasken rana za ka hango jinjirin wata uku a jikinta, fatake ne ke ratso Sahara da ita. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro ce, ruwa na wanke ta. Ta takarda kuwa da bagaruwa ake dafa ta, in ta kama ta kama ke nan. Zai gama baƙaƙen shafi tukuna, ya dawo da jar tawada ya zuba wasulla, ya bi hamza da rawaya, sannan ya zana alamar izu a gefe. Ba a ɗinke takardun. A jera su a tadarishi, a ɗaure, a saka a gafaka. Aikin watanni ne, ga ciwon baya, ga ido.

Wani abin dariya shi ne Zariya ce ta zama gidan boko. Nan Rupert East ya zauna da Hukumar Talifi, nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Mai hasashe zai ce injin ya gama da gamba. Ba haka aka yi ba. Mutanenmu ba su saki jiki da baƙaƙen dalma na Masar ba, idonsu bai saba ba, don haka masu ɗab'i suka koma ɗaukar hoton rubutun hannu suna bugawa. Hukumar NORLA ta yi haka a shekarun 1950, 'yan kasuwar Kano suka ɗora. Ta wannan hanya hannun Sharif Bala Gabari na Kano ya shiga gidajen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. A Samaru kuma, bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Abdullahi Smith da Murray Last da abokan aikinsu suka shiga tattara tsofaffin rubuce-rubuce a ƙarƙashin shirin binciken tarihin Arewa da aka kafa a 1964.

Abin da ya juya ido, a ganina, Alƙur'anin Madina ne. Tun tsakiyar shekarun 1980 alhazai ke dawowa da shi, rubutun Usman Taha ɗan Siriya, siriri, a tsare, kowane shafi layi goma sha biyar, ruwayar Hafsu. Makarantun Islamiyya suka rungume shi. Yaron da ya tashi da wannan, in yana da hannu, nasakhi zai so, daga nan ya hango sulusi a bangon masallaci ya kasa barci. Ya tambayi alaramma, alaramma ya ce wannan ba layinsa ba ne. Ya je wurin mai rubuta allon shago a Sabon Gari, ya tarar shi ma kwaikwayo yake yi daga kalanda.

To nan ne Istambul ta shigo. Turkawa sun bar baƙaƙen Larabci a 1928, amma tsirarun malamai suka riƙe sana'ar, cikinsu har da Hamid Aytaç wanda ya rasu a 1982. Cibiyar IRCICA ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta buɗe gasar rubutu ta duniya a 1986 da sunansa, kuma ta zama mahaɗar ɗalibai daga ko'ina. Almajirin Aytaç, Hasan Çelebi, ya ba mutanen ƙasashe da dama ijaza, har da Mohamed Zakariya ɗan Amurka. Daga Najeriya ma an je an samo.

Me ake zuwa nema, tunda bidiyo ya cika waya? Ma'auni da gyara. Tun zamanin Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940, ake auna kowane harafi da ɗigon bakin alƙalami: tsawon alif ɗigo kaza, cikin nun ɗigo kaza. Malami zai rubuta maka layi ɗaya, ka tafi ka kwaikwaya, ka kawo, ya bi da jar tawada yana nuna inda wutsiyar harafi ta zarce da rabin ɗigo. Ana iya shafe watanni a kan layin farko. Bita ta mako biyu ba ta mai da mutum gwani, duk wanda ya ce maka haka talla yake yi. Abin da take yi shi ne ka ga yadda ake fiƙe gora, yadda ake goge takarda da farin ƙwai har ta yi santsi, yadda malami ke ɗauke numfashi kafin ya ja dogon harafi. Wani lada yake nema, wani kwangilar rubutun masallaci, wani kawai natsuwar da ba ya samu a ofis.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wasu na dawowa suna kallon hannun gida kamar na ƙauye, alhali masu bincike daga Hamburg da Cape Town shi suke biyo mu su gani. A Istambul, sai ka karɓi ijaza ake yarje maka sa sunanka a ƙasan abin da ka rubuta. A nan kuwa alaramma kan kai ƙarshen izu na sittin, ya rubuta addu'a ga kansa da iyayensa da malamansa, wani ya sa suna, wani bai sa ba. Daga nan ya goge bakin gambar a gefen rigarsa, ya aika yaro ya kira mai Alƙur'anin ya zo ya ɗauka.