Senti 75 da Agogon da Ba Ya Faɗin Shekara

A kakar albasa, fatake daga kudu kan tura kuɗin kaya zuwa asusun dillali a Aliero, banki ya cire, dillali kuma ya ce bai ga ko sisi ba. Rantsuwa ba ta raba irin wannan gardama. Abin da ke raba ta shi ne wasu layukan rubutu da babu hannun da ya rubuta su: kowace na'ura da saƙon ya ratsa tana ajiye kundin abin da ya same ta, da lokacin da ya same ta.

Asalin tsarin da aka fi amfani da shi, wato syslog, ba wani gagarumin shiri ba ne. Eric Allman ne ya ƙirƙiro shi a Berkeley ta Amurka cikin shekarun 1980, don kawai ya riƙa ganin abin da manhajarsa ta aika wasiƙu, Sendmail, take yi. Wasu suka ara, har ya zama gama-gari. Kowane saƙo yana da matakin tsanani daga 0, wato na'ura ta durƙushe, zuwa 7, ƙananan bayanai na masu gyara.

Amfanin karanta irin waɗannan kundaye ya bayyana a 1986. An ba Clifford Stoll, masanin taurari da ya koma kula da kwamfutoci a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley, aikin gano dalilin giɓin senti 75 a lissafin kuɗin amfani da kwamfuta. Da wani ne, da ya cike giɓin ya wuce. Stoll ya bi sawu, ya tarar wani baƙo ne ke shigowa ba izini. Ya jona injinan buga takarda a layukan da ke shigowa domin su kwafe duk abin da baƙon ya rubuta, ya kuma shafe kusan wata goma yana bibiya, wani lokaci yana kwana a ofis. Sawun ya ƙare a Hanover ta Jamus ta Yamma, wurin Markus Hess, wanda ke kutsawa kwamfutocin sojan Amurka yana sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyat abin da ya samo. Kotu ta same shi da laifi a 1990.

Abin mamaki, syslog ya yi shekaru ba shi da rubutacciyar ƙa'ida. Takardar farko, RFC 3164 ta 2001, bayyana abin da ake yi kawai ta yi, da aibinsa: hatimin lokaci yana ɗauke da wata da rana da sa'a, amma babu shekara, babu kuma bayanin agogon wace ƙasa ne. Sai a 2009 RFC 5424 ta gyara wannan. A ganina nan ne zuciyar lamarin, domin shaidar da ba ta san lokaci ba, rabin shaida ce.

Dokokin Najeriya sun biyo baya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da kwamfuta ta fitar a gaban kotu, bisa sharaɗin a nuna cewa tana aiki daidai a lokacin. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirga na shekara biyu. Ajiyewa ta wajabta. Ba ta ce a karanta ba.

A Aliero, inda aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a 2006, ɗaliban kwamfuta za su tarar da wata matsala da ba ta dami Stoll ba: ɗaukewar wuta. Yawancin ƙananan na'urorin rarraba intanet ba su da batirin agogo, kuma a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke ajiye kundinsu. Wuta na ɗaukewa, kundin ya goge. Tana dawowa, wasu su farka suna zaton ranar 1 ga Janairu 1970 ce. Maganin an san shi tun tuni. A sa kowace na'ura ta riƙa aika kundinta nan take zuwa kwamfuta guda mai batiri, ta kuma daidaita agogonta da NTP, tsarin da David Mills ya fitar a 1985. Saitin bai wuce layi biyu ko uku ba, amma dole a yi shi kafin ranar gardama.