Tsohon babur a ƙasar Gumel: Me ya kamata a fara gyarawa?

A ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel da ke arewacin jihar Jigawa, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, babu abin hawan da ya kai babur shiga ƙauyuka.

Shi ke fito da buhunan riɗi da zoɓo zuwa bakin kwalta, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, kuma shi ne jarin ɗimbin matasa 'yan acaɓa. Duk ranar Alhamis, da kasuwar Maigatari ke ci a bakin iyakar Najeriya da jamhuriyar Nijar, akan ga babura ɗauke da awaki da kaji da buhunan hatsi, wasu har da mutum uku.

Da yawa daga cikin waɗannan babura sun tsufa, kuma sauya su da sababbi ya fi ƙarfin masu su. Kuɗin da ke hannu ba ya isa a gyara komai a lokaci guda, don haka tilas mai babur ya zaɓi abin da zai fara da shi, da wanda zai jira kaka.

Abin da ya sa ake riƙe tsoho

A ranar 29 ga watan Mayun 2023 shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Lita ɗaya ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a wurare da dama a watan Oktoban 2024.

A watan Yunin 2023 ne kuma gwamnati ta sakar wa kasuwa darajar naira. Dalar Amurka da ake canzarwa a kan kimanin naira 460 a hukumance ta wuce naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Da yake baburan da kayan gyaransu daga Indiya da Sin ake shigo da akasarinsu, farashinsu ya bi dala.

Yankin kan iyaka dai ya sha nasa matsin tun kafin haka. An rufe iyakokin Najeriya na tudu a watan Agustan 2019, sannan a watan Nuwamban shekarar hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 daga kan iyaka. Maigatari na cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a watan Disamban 2020, sai dai an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, har zuwa watan Maris na 2024. Duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi, abin da ɗan acaɓa ke samu yakan ragu, kuma gyara ne abin da akan fara ɗagewa.

Wane irin inji ne?

Kafin a kashe ko kwabo, ya kamata mai babur ya san irin injin da yake hawa, domin iri biyu ne a yankin.

Akwai tsofaffin Suzuki AX100 da Jincheng ɗin da aka ƙera bisa fasalinsa, waɗanda suka cika titunan arewa a shekarun 2000. Injinsu yana ƙona fetur ne haɗe da wani mai na musamman da ake kira 2T, shi ya sa hayaƙi a salansarsu ba alamar ciwo ba ne. Gyaransu da sauƙi, amma sun fi shan mai.

Sai kuma Bajaj Boxer na Indiya da takwarorinsa irin su TVS da Haojue da Honda CG125, waɗanda baƙin mansu yake zaune daban a cikin inji. Irin waɗannan idan suka soma fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, to suna ƙona baƙin mai ne, kuma galibi ringi ne ya cinye ko robar bawul ta saki.

Rashin rarrabe waɗannan biyu yakan sa a sauke injin da lafiyarsa ƙalau, ko kuma a yi ta hawan wanda ke gab da bugawa.

Birki, taya da ƙashin babur

Matakin farko shi ne duk abin da lalacewarsa kan kayar da mutum. Inji idan ya mutu, turawa ake yi zuwa gida. Birki idan ya ƙi ci a bayan tirela, magana ta ƙare.

Akasarin waɗannan babura birkinsu na cikin ƙafa ne, mai takalma biyu da bakanikai ke kira shu. Idan an ɗaure goron birki har ya ƙure amma bai kama ba, takalman sun cinye. Suna cikin kayan gyara mafiya araha. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, ta barin birkin gaba a tsinke bisa zaton cewa shi ke kayar da mutum. Gaskiya ne a cikin rairayi ana taɓa shi ne a hankali, amma a kan kwalta birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da babur, kuma wanda ya dogara da na baya kaɗai yana bukatar fili mai tsawo kafin ya tsaya.

Taya kuwa ba gogewa kaɗai ke kashe ta ba. Zafin rana, wanda a watannin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40 a wannan yanki, yana busar da roba ta tsattsage ko da zanenta bai goge ba. A gefen taya akan sami lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tayar da aka rubuta wa 2319, a mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta. Wadda ta haura shekara biyar ko shida ta cancanci a duba ta da kyau, ko da sabuwa ce a shago.

Ƙayar aduwa da ta bagaruwa sun sa sana'ar faci ba ta mutuwa a yankin. Sai dai tub ɗin da ya sha faci biyar ko shida ya gama aikinsa, musamman a ƙafar gaba. Masu bin hanyar yashi kan rage iska kaɗan don tayar ta baje, dabara ce mai kyau, amma idan aka hau kwalta da kaya ba a mayar da iskar ba, tayar takan yi zafi, bakin tub ɗin kuma ya yage.

A wannan matakin ne ake duba wayoyin gargare ko sun saki, da boris ɗin ƙafafu da na wuya, da kuma ƙashin babur a ƙarƙashin sirdi, inda nauyin buhu ke fara tsaga ƙarfe.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba

Mataki na biyu shi ne abin da ke hana inji mutuwa, kuma a nan ne aka fi yin asara ba tare da an lura ba.

Ƙasar Gumel ƙasa ce mai rairayi. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu kan ƙara da nasa hazon. Inji yana zuƙar iska mai yawa a kowane minti, kuma matatar iska ce kaɗai ke tsakaninsa da wannan ƙura. Idan soson matatar ya yage, ko robar da ke haɗa ta da kafireta ta tsage, yashi kan shiga kai tsaye ya riƙa goge fistin da ringi kamar ana wasa wuƙa.

Da yawa daga cikin injinan da ake kai wa bori, soso ne ya kashe su, abin da kuɗinsa bai kai na 'yan litocin mai ba. Wanda ya yi bori ya sa sabon fistin amma ya bar tsohuwar matata, zai koma gareji ba da daɗewa ba.

Soson ana wanke shi da kananzir, a matse shi ba tare da murɗawa ba, a shanya, sannan a shafa masa baƙin mai kaɗan, domin man ne ke kama ƙurar. Matatar takarda kuwa ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi ko a sauya.

Baƙin mai shi ma haka. Injin Boxer bai fi lita ɗaya yake ɗauka ba, kuma iska ce kaɗai ke sanyaya shi, saboda haka man yana saurin gajiya. Ga babur ɗin da ke aiki kullum cikin ƙura da kaya, juye a duk kilomita 1,000 zuwa 1,500 ba ɓarna ba ce. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba a san asalinsa ba, wasu mayukan mota kuma sukan sa kuloci ya riƙa santsi, tun da a waɗannan babura kulocin a cikin mai yake wanka. Masu Jincheng da suka cire famfon 2T suna zubawa a tanki da hannu, mantuwa ɗaya ta isa ta ƙona fistin.

Fulogi yakan faɗi halin da inji ke ciki. Bakinsa idan ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau. Idan ya yi baƙi da toka, mai ya yi yawa ko matata ta toshe. Idan ya yi fari fat, an matse kafireta fiye da kima, abin da wasu ke yi don tsimin mai tun da fetur ya yi tsada, alhali yana sa inji zafin da ke ƙona bawul.

Sai sarƙa. Ita da faifayenta biyu masu haƙora tare suke tsufa, don haka tare ake sauya su. Sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai ba ta daɗewa. A bar mata wasan da bai wuce santimita biyu zuwa uku ba, kuma kada a cire murfinta, domin giris da yashi idan suka haɗu sukan cinye ƙarfe.

Fitila da hular kwano

Mutane da dama kan fita kasuwa tun da asuba su dawo bayan magariba, a hanyoyin da amalanken shanu da garken dabbobi ke bi ba tare da wata alama ba. Fitilar gaba da jar ta baya suna cikin abubuwan da bai kamata su jira ba. Masu sa farin ƙwan zamani su fara tabbatar da lafiyar batir da na'urar daidaita wuta, in ba haka ba ƙwan zai yi ta ƙyaftawa ko ya ƙone.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta soma tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga watan Janairun 2009, kuma a lokacin an ga masu kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Dokar ba ta yi tasiri sosai a karkara ba. Amma alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006 sun nuna cewa hular tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, munanan raunuka kuma da kimanin kashi 70.

Ƙare-ƙaren da za su iya jira

Daga nan ne ake zuwa ga abin da ke ƙara wa babur amfani. Shokozoba mai ƙarfi a baya tana da fa'ida ga mai ɗaukar kaya. Faifan baya mai ƙarin haƙora yana ƙara ƙarfin ja a cikin yashi, amma yana rage gudu a kwalta, ya kuma ƙara shan mai kaɗan, saboda haka ya fi dacewa da mai zirga-zirga tsakanin ƙauyukan Sule Tankarkar ko Gagarawa fiye da mai bin titin Gumel zuwa Kano.

Tsawaita kariya da walda abu ne da ake yi da yawa, sai dai yana mayar da nauyi bayan ƙafar baya, gaban babur ya yi sakayau, kan ya riƙa rawa.

Fenti, sabuwar rigar sirdi, ƙaton hon, rediyo da huda salansa don ƙara, duk a ƙarshen layi suke. Abin takaici, sau da yawa da su ake farawa, musamman gab da salla.

Lokaci da kuma wanda zai biya

Kuɗi a wannan yanki da kaka yake zuwa, lokacin da riɗi da gyaɗa da zoɓo suka shiga kasuwa. Babban aiki irin su bori da sauya kuloci ya fi dacewa da wannan lokaci, ko kuma ranar kwasar adashi. Injin da aka yi wa bori yana bukatar lallaɓawa na aƙalla kilomita 500, ba kaya mai nauyi ba gudu, sannan a juye mai da wuri. Don haka kuskure ne a yi aikin ana gobe kasuwa. Taya da birki a gama da su kafin ruwan watan Yuni, matatar iska kuma kafin hunturu.

Inda babur na wani ne, ɗan acaɓa yana kawo balas, yana da kyau a yi magana tun farko a gaban shaidu: ƙananan abubuwa irin su faci da juye a wuyan wa suke, manya kuma a wuyan wa. Idan ba a fayyace ba, kowa yakan jira ɗan'uwansa har injin ya buga.

Kayan jabu sun yi yawa a kasuwa, kwalinsu kuma kusan iri ɗaya ne da na ainihi. A madubi ko murfin gefe ana iya sayen mai araha. A fistin da ringi da boris da takalman birki, araha kan jawo biya sau biyu. Zai fi kyau mai babur ya sayi kayan da kansa tare da bakaniken da ya amince da shi, ya kuma karɓi tsofaffin da aka cire.

Akwai kuma inda gyara ba ya biya. Ƙashin da ya tsage a wuya, ko wanda aka yi wa walda sau biyu a wuri ɗaya, bai kamata a sake ɗora masa mutum ba. Haka nan idan lissafin gyara ya haura rabin kuɗin babur na hannu mai lafiya, gara a sayar a cika.

Wanda ya zaɓi ɗora wani injin kuwa, ya tuna cewa kowane inji da lambarsa, kuma ita ce ke cikin takardun babur. A yankin da ke da shingayen jami'an tsaro da na kwastan, inda kuma ake tsallaka da baburan sata zuwa ƙetare, injin da ba shi da rasit yana iya sa a riƙe babur ɗin, a kuma tuhumi mai shi. A karɓi takardar ciniki mai ɗauke da lambar injin da sunan mai sayarwa da sa hannun shaidu, sannan a kai ta ofishin lasin a gyara takardu.