Jean de Brunhoff da Littattafan Babar (1931–1937)

A cikin wannan ƙasida za mu duba rayuwar Jean de Brunhoff, Bafaranshen da ya rubuta kuma ya zana littattafan Babar, ɗan giwar nan da yawancin waɗanda suka yi karatun boko da Faransanci suka ci karo da shi tun suna yara. Ra'ayinmu shi ne, wanda ke son fahimtar aikinsa sai ya karanta hotunan kamar yadda yake karanta rubutun, domin abin da ya jawo masa yabo da abin da ya jawo masa suka duk a cikin zanen suke.

An haife shi a Paris ranar 9 ga Disamba 1899, a gidan masu harkar ɗab'i. Ya shiga soja dab da ƙarshen yaƙin duniya na farko, daga baya ya koyi zane a Académie de la Grande Chaumière. A 1924 ya auri Cécile Sabouraud, makaɗiyar fiyano. Ita ce ta ƙago labarin ɗan giwar a 1930, ta ba ƴaƴansu Laurent da Mathieu a matsayin tatsuniyar dare. Yaran suka kai wa ubansu, shi kuma ya faɗaɗa labarin, ya raɗa wa giwar suna, ya yi zane. An shirya sa sunan Cécile a littafin, amma ta nemi a cire, wai gudummuwarta ba ta taka kara ta karya ba. Mu dai ba mu yarda da ita a kan wannan ba.

Fitowar Histoire de Babar a 1931 aikin dangi ne. Wansa Michel shi ne editan mujallar Vogue ta Faransa, mijin yarsa kuma, Lucien Vogel, shi ke jagorantar Jardin des Modes, gidan da ya buga littafin. Saboda haka aka yi masa irin bugun da ake yi wa mujallun ado: babban shafi mai tsawon kusan santimita 37, launi garau, hoto ɗaya kan mamaye shafi biyu, rubutun kuma da hannu aka yi shi, irin wanda ɗan makaranta ke yi a littafinsa. Kafin lokacin, a galibin littattafan yara hoto rakiya yake yi wa rubutu. A nan hoton ne ke riƙe da labarin. Cikin shekara shida ya fitar da littafi biyar, aka fassara na farkon zuwa Ingilishi a 1933, gidan Hachette ya sayi haƙƙin bugawa a 1936. Tarin fuka ya yi ajalinsa a Montana ta ƙasar Suwis ranar 16 ga Oktoba 1937, yana da shekara 37. Sauran biyun sun fito bayan rasuwarsa, a 1938 da 1941.

To, me hotunan ke cewa? Maharbi ya kashe uwar Babar, shi kuma ya gudu zuwa birni, inda wata tsohuwa mai hali ta ɗauki nauyinsa, ya sayi koren kwat da takalma da hula, aka ɗaukar masa malami. Da ya tashi komawa daji, cikin mota ya koma tare da ƴan uwansa Arthur da Céleste, waɗanda su ma an riga an tufatar da su. Iyayensu mata kuwa, da yake ba wuri a motar, sai suka bi baya da gudu, tsirara, a kan ƙafa huɗu. Wannan shafin ya fi kowane tsayar da mu: wanda ya sa tufafi yana tsaye da ƙafa biyu, wanda bai sa ba yana nan dabba. A ranar kuma sarkin giwaye ya ci laimar kwaɗi mai guba ya mutu, sai dattijo Cornélius ya ba da shawarar a naɗa Babar, hujjarsa ita ce ya zauna da mutane ya yi ilimi. Ba a yi zancen gado ko gidan sarauta ba.

A wannan shekara ta 1931 aka yi baje kolin ƙasashen mallaka a Vincennes, daga Mayu zuwa Nuwamba, ƙarƙashin Lyautey, don nuna wa Faransawa abin da ake kira aikin wayar da kai. Mai karatu na Yamai ko Damagaram ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani: ya san makarantar William Ponty ta Senegal, inda irin su Boubou Hama da Diori Hamani suka yi karatu suka dawo gida da matsayin da ilimin Nasara ya ba su. A Le Roi Babar (1933) raƙuma ne suka kawo kaya daga birni, aka gina Célesteville da gidaje jere reras, fadar aiki da ta shagali a samansu, kowace giwa da sana'arta.

Ariel Dorfman, marubucin Chili, ya karanta labarin a 1983 a matsayin mafarkin ɗan mulkin mallaka, Herbert Kohl kuma ya tambaya a 1995 ko ya dace a ci gaba da ba yara shi. Adam Gopnik ya kare shi a 2008, yana ganin zolayar masu kuɗin Faransa Brunhoff ke yi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don giwa cikin kwat abin dariya ce, kuma ba a ɓoye wa yaro cewa mai bindigar da ya mayar da Babar maraya daga duniyar masu tufafin ya fito ba. Amma wannan hujja ba ta wanke Le Voyage de Babar (1932) ba, inda aka zana baƙaƙen mutane a matsayin masu cin naman mutum, da manyan leɓɓa irin na tallace-tallacen zamanin. Wanda aka zana haka ba ya cikin masu dariyar.

Laurent ya ɗauki aikin ubansa a 1946, ya ƙara littattafai da dama kafin rasuwarsa a 2024. A Pique-nique chez Babar (1949) ya maimaita irin wancan zane na baƙar fata, daga baya shi da kansa ya nemi a daina buga littafin.