Tarihin Dokokin Sirri a Rajistar Takardun Magani ta Amurka

Rajistar sa ido kan takardun magani, wadda a Amurka ake taƙaita sunanta da PDMP, kundi ne da gwamnatin jiha ke ajiyewa, inda ake shigar da duk maganin da doka ta sa wa takunkumi da zarar kantin magani ya miƙa shi ga majiyyaci. Ana rubuta sunan majiyyacin da ranar haihuwarsa da adireshinsa, sunan likitan da ya ba da takardar, sunan maganin da ƙarfinsa da yawansa, da ranar da aka karɓa. Magungunan su ne waɗanda dokar tarayya ta 1970 ta kasa gida-gida gwargwadon haɗarin jarabarsu: masu kashe raɗaɗi irin su mofin da oksikodon da kodin da tiramadol, magungunan barci da na kwantar da fargaba, da masu zaburar da ƙwaƙwalwa. Babu rajista guda ta ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha da tata, kuma dokar jihar ce ke faɗin wanda zai buɗe kundin da sharaɗin buɗe shi.

Nauyin al'amarin a fili yake. Wanda ya ga jerin magungunan mutum ya ga rabin cutarsa. Zai gane mai fama da ciwon daji, da mai taɓin hankali, da wanda ke neman rabuwa da ƙwaya a ɓoye, alhali waɗannan mutane ba su sa hannu a wata takarda suka ce sun yarda a shigar da sunansu ba.

Zamanin takarda mai kwafi uku

Jihar Niyok ta fara gwada irin wannan tsari a 1918, amma bai daɗe ba aka soke shi. Wanda ya ɗore shi ne na Kalifoniya, da aka kafa a 1939. Likita zai rubuta maganin a takarda ta musamman mai lamba da kwafi uku: ɗaya ya zauna a wurinsa, ɗaya a kantin magani, na uku a aika wa gwamnati. Ofishin da ke karɓar kwafin yana ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ne, kuma wannan kaɗai ya nuna manufar. An gina rajistar ne domin jami'an tsaro su kama likitan da ke sayar da takarda da mai kantin da ke karkatar da magani. Hawaii ta bi sahu a 1943, Illinois a 1961, Teksas a 1981. A duk wannan zamani likita ba ya leƙa kundin. Aikinsa cika takarda ne kawai.

Shari'ar Whalen da Roe

A 1972 Niyok ta sake kafa rajista, wannan karon da kwamfuta. Wasu majiyyata da likitoci suka garzaya kotu, aka ɓoye sunayen majiyyatan. Iyaye sun shaida wa kotu tsoronsu kada a yi wa 'ya'yansu tambarin 'yan ƙwaya, har an dakatar da wani yaro daga shan maganinsa saboda wannan tsoro. Kotun farko ta ba su gaskiya. Amma a Fabrairun 1977 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin baki ɗayan alƙalanta, ta ce jiha na da ikon tattara waɗannan bayanai.

Ya kamata a duba abin da ya kwantar wa alƙalan hankali, domin Mai Shari'a John Paul Stevens ya jera shi dalla-dalla. Takardu kusan 100,000 ne ke isa ma'aikatar lafiya a birnin Albany kowane wata. Ana kwafe su a faifan maganaɗisu, a kulle faifan a kabad, takardun kuma a ajiye su shekara biyar sannan a lalata su. Ɗakin karɓar takardun an kewaye shi da shingen waya mai kwaɗo da ƙararrawa. Lokacin da ake aiki da faifan, kwamfutar ba ta haɗe da wata na'ura a waje. Ma'aikata 17 ne ke da izinin ganin bayanan, sai masu bincike 24. Wanda ya fallasa sunan majiyyaci da gangan zai iya shan ɗaurin shekara guda da tarar dala 2,000. A watanni 20 na farko, sau biyu kacal aka yi amfani da kundin wajen binciken majiyyata. Mai Shari'a William Brennan ya goyi bayan hukuncin, amma ya rubuta nasa gargaɗin, cewa tara bayanai wuri guda a kwamfuta na ƙara damar cin amanarsu, kuma wata rana za a iya buƙatar taka wa fasahar birki.

Har yau wannan hukunci ne tubalin da rajistocin jihohi suka tsaya a kai. Sai dai an yanke shi ne a kan ɗaki mai kwaɗo da mutum arba'in da ɗaya, kuma kusan babu ɗaya daga cikin waɗancan sharuɗɗa da ya rage yadda yake.

Yadda kundin ya koma hannun likitoci

Oklahoma ce ta fara karɓar bayanan ta hanyar lantarki a farkon shekarun 1990. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin kasuwa, annobar magungunan kashe raɗaɗi ta kankama. Wani bincike na masana tattalin arziki da aka buga a 2022 ya nuna cewa jihohi biyar da ke amfani da takarda mai kwafi uku a lokacin, wato Kalifoniya da Idaho da Illinois da Niyok da Teksas, maganin bai bazu a cikinsu kamar sauran ba, kuma mace-macen da suka biyo baya sun fi sauƙi a can. Takardun kamfanin na cikin gida sun nuna ya san likitocin waɗannan jihohi na ɗari-ɗari da duk maganin da ke buƙatar waccan takarda. Duk mai sukar rajistar, wajibi ne ya riƙe wannan a ransa: sa ido ya ceci rayuka.

Daga 2002 gwamnatin tarayya ta fara ba jihohi tallafin kafa rajista, a shirin da aka sa wa sunan ɗan majalisa Harold Rogers na Kentucky. A 2011 aka buɗe hanyar da jihohi ke musayar bayanai a tsakaninsu. Kentucky a 2012 da Niyok a 2013 suka wajabta wa likita duba kundin kafin ya rubuta irin waɗannan magunguna, jihohi da yawa suka kwaikwaye su. Da haka abin da aka ƙera don tsare likita ya zama abin da likita ke auna majiyyaci da shi, masu riƙe da mabuɗi kuma suka tashi daga gommai zuwa dubun dubata.

Dokar sirrin lafiya ta tarayya, HIPAA ta 1996, ba ta toshe wannan ƙofa ba, domin ta halatta wa kantin magani ba da bayanin da wata doka ta tilasta masa bayarwa. Da bayanin ya shiga kundin jiha, dokar jiha ce gatansa. Galibin jihohi sun cire kundin daga takardun gwamnati da kowa ke iya nema. Sun ce likita da mai harhaɗa magani majiyyacinsu kaɗai za su duba, ko da yake likita na iya wakilta ma'aikacinsa. Hukumar ba da lasisin likitoci na iya dubawa idan tana bincike, masu nazari a ba su alƙaluma ba suna, kuma na'urar na adana sunan duk wanda ya leƙa. Asibitocin da ke ba masu jarabar ƙwaya maganin metadon sun daɗe a wajen tsarin, saboda wata ƙa'idar tarayya ta shekarun 1970 da ta tsananta sirrinsu. Sai a 2020 aka ba su damar kai rahoto, da sharaɗin majiyyaci ya amince.

An kuma ga abin da ake gudu. A Afrilun 2009 wani mai kutse ya shiga rajistar Bajiniya, ya yi iƙirarin kwashe bayanan majiyyata sama da miliyan 8, ya nemi fansar dala miliyan 10. A 2013 a gundumar Volusia ta Fulorida, binciken wasu mutane ƙalilan ya jawo bayanan kusan mutum 3,300 suka faɗa hannun masu gabatar da ƙara, daga nan zuwa lauyoyin waɗanda ake tuhuma. Mafi yawansu ba su da alaƙa da shari'ar ko ta anini, kuma sirrin cuta zarar bunu ne.

Jami'in tsaro da izinin alƙali

A nan ne gardamar ta fi zafi. Wasu jihohi sun bar ɗan sanda ya duba kundin muddin ya ce yana da bincike a hannu. Wasu sun ce sai ya je gaban alƙali ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili, kamar yadda zai yi kafin ya shiga gidan mutum.

Utah ta koyi bambancin da tsada. A 2013 aka rasa mofin a motocin ɗaukar marasa lafiya na hukumar kwana-kwana a yankin Salt Lake. Wani ɗan sandan ciki na garin Cottonwood Heights ya buɗe rajistar ya duba magungunan ma'aikatan hukumar kusan 480, ba tare da izinin alƙali ba, domin dokar lokacin ba ta nemi haka ba. Aka gurfanar da 'yan kwana-kwana biyu a kan zargin yaudarar likitoci, zargin da ba shi da alaƙa da mofin ɗin da ya ɓata, daga baya kuma aka janye tuhumar. A 2015 majalisar jihar ta wajabta izinin alƙali, yawan leƙen 'yan sanda ya faɗi warwas. Wannan faɗuwa kaɗai ta isa a tambayi abin da ake nema a kundin kafin dokar.

Sai dai hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta tarayya, DEA, tana da sammacin da take bugawa da kanta a ƙarƙashin dokar 1970, ba tare da alƙali ya gani ba. Oregon, wadda dokarta ta 2009 ta buƙaci umarnin kotu, ta kai hukumar ƙara a 2012, ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta shigo a madadin majiyyata huɗu da likita guda. A Fabrairun 2014 Mai Shari'a Ancer Haggerty ya yanke cewa majiyyaci na da haƙƙin tsammanin sirri a kan maganinsa, ya ƙi hujjar cewa wanda ya miƙa takardarsa ga mai kanti ya riga ya saki sirrinsa. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin: ta ce majiyyatan ba su da hurumin ta da wannan batu a cikin ƙarar, kuma dokar tarayya ta rinjayi ta jiha. A shekarar ce wata kotun tarayya ta umarci Utah ta ba DEA abin da ta nema, a 2022 kuma New Hampshire ta sha irin wannan kaye. Hujjar kotunan a waɗannan shari'o'i biyu ita ce harkar magunguna sana'a ce da gwamnati ta daɗe tana sa wa ido ƙwarai. Hujjar ta dace da mai kanti, wanda ya zaɓi sana'arsa ya karɓi lasisi. Da wuya a ga yadda ta dace da mara lafiya, wanda bai zaɓi ciwonsa ba, kuma ba shi da wata hanyar samun magani ta halal sai ta kantin.

Missouri ce jiha ta ƙarshe da ta kafa rajista. Sanata Rob Schaaf, wanda shi kansa likita ne, ya shafe shekaru yana tare ƙudirin saboda batun sirri, har gundumar St. Louis ta gaji ta kafa tata rajistar a 2017. Gwamna Mike Parson ya sa hannu a dokar jiha a Yunin 2021, tsarin ya fara aiki a Disamban 2023. Jinkirin ya haifar da doka mai tsauri: ma'aikatan lafiya ne ke dubawa, ba a buɗe wa 'yan sanda, kuma ana goge bayanan bayan shekara uku.

Maki da faɗaɗar jeri

Sabon babi ya zo da manhajar NarxCare, ta kamfanin Appriss Health wanda yanzu ake kira Bamboo Health. Manhajar na karanta kundin ta ba majiyyaci maki mai lamba uku, ta nuna wa likita a fuskar kwamfutarsa. Yawan likitocin da mutum ya gani da yawan kantunan da ya je na cikin abin da ke ɗaga makin, kuma mai ciwo mai sarƙaƙiya shi ya fi kowa zagayen likitoci. A 2021 mujallar Wired ta ba da labarin wata mata da aka hana wa maganin ciwo, daga baya ta gano cewa magungunan karnukanta, da likitan dabbobi ya rubuta, a ƙarƙashin sunanta suka shiga. Kamfanin ya ce makin ba hukunci ba ne, taimako ne ga likita. Amma cikakken lissafin sirrin kasuwancinsa ne, dokokin da aka rubuta don hana bare leƙa kundin kuma ba su tanadi komai ba game da majiyyacin da aka auna shi da ma'aunin da ba ya gani.

Jerin abin da ake shigarwa ma yana ƙaruwa. Tun 2018 Nebraska ke karɓar rahoton kowane maganin likita, mai takunkumi da marar takunkumi. A Oktoban 2024 dokar Louisiana ta fara aiki, wadda ta sa mifepristone da misoprostol a gida na huɗu na magungunan takunkumi. Ana zubar da ciki da su, amma misoprostol likitocin haihuwa na tsayar da zubar jini da shi bayan haihuwa, suna kuma kula da matar da ta yi ɓari. Ɗaruruwan likitocin jihar sun rubuta wa mai gabatar da ƙudirin takardar ƙorafi kafin a zartar da shi, kuma bayan ya zama doka wasu ma'aikatan lafiya da mata sun shigar da ƙara a kotun jihar suna neman a soke shi.