Wayar da Kai kan Nakiyoyi a Kankiya da Kusada

Abubuwan fashewa da rikici ke bari a ƙasa iri biyu ne: nakiyar da aka binne da gangan, da kuma gurneti ko harsashin igwa da aka jefa bai tashi ba. Dukansu suna iya kwanciya shekara da shekaru ba su lalace ba. Yaƙin basasar Nijeriya ya ƙare a watan Janairun 1970, amma sai a 2009 Ma'aikatar Tsaro ta ba wani kamfani mai zaman kansa kwangilar kwashe ragowar makaman daga yankunan da aka gwabza. A 2017, a gaban Kotun ECOWAS, Gwamnatin Tarayya ta amince da biyan naira biliyan 88, biliyan hamsin daga ciki diyyar waɗanda abin ya shafa, sauran kuma kuɗin ƙarasa aikin.

Tsadar tana da dalili. Mai kwance nakiya yakan bi ƙasa taku-taku da na'urar gano ƙarfe, kuma duk inda ta yi ƙara sai ya durƙusa ya tona a hankali daga gefe, ko da tsohuwar ƙusa ce za ta fito a ƙarshe. Yana tafe yana kafa alama, ja a ɓangaren haɗari, fari a inda aka tsabtace. Kamfani ba ya shiga irin wannan aiki sai an ƙulla kwangila kuma ƙura ta lafa. Ko a Borno, Yobe da Adamawa, inda Boko Haram ta binne bama-bamai ƙirar gida, kwancewar tana hannun jami'an tsaro, ƙungiyoyin agaji irin su MAG kuwa sun fi mayar da hankali ne ga faɗakar da jama'a.

Jihar Katsina ta riga ta ɗanɗana wannan masifa. A watan Yulin 2020, a ƙauyen Yammama na ƙaramar hukumar Malumfashi, wani abin fashewa ya hallaka yara biyar a gona. Kankiya da Kusada, waɗanda su ma ke cikin jihar, ƙasar noman gero da dawa ce, inda yara ke kiwo da ɗebo itace, 'yan gwangwan kuma ke sayen duk ƙarfen da aka tsinto a kan sikeli. Ga yaro, gurneti mai tsatsa kuɗin alewa ne kawai. Saboda haka abin da ya fi gaggawa a nan shi ne faɗakarwa, domin ba ta jiran kwangila, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Saƙon gajere ne: kada a taɓa, kada a jefa dutse, kada a cinna wuta, a koma ta sawun da aka zo, a sanar da mai unguwa ko dagaci don ya kai wa jami'an tsaro. Waɗanda suka fi dacewa su isar da shi su ne limamai a huɗubar Juma'a, malaman firamare da na allo, da dillalan gwangwan waɗanda ƙarfen ke ƙarewa a rumfunansu.