Ƙananan Ƙwayoyin Azurfa: Yadda Ake Haɗa Su Da Ruwan Ganye, Amfaninsu Da Haɗarinsu

Ƙananan ƙwayoyin azurfa ɓarɓashi ne da girmansa ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, don haka ido ba ya ganin su.

A wajen haɗawa, ana tafasa ganye irin su darbejiya ko zogale, a tace ruwan, a zuba shi cikin narkakken gishirin azurfa mai suna silba naitiret. Sinadaran ganyen ne ke mayar da narkakkiyar azurfar zuwa ƙwayoyi, su kuma lulluɓe su don kada su dunƙule. Rikiɗewar ruwan zuwa ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa ita ce alamar aikin ya kankama. A 2004 masana a birnin Pune na Indiya suka wallafa sakamakon irin wannan gwaji da darbejiya.

Hanyar na da sauƙin kuɗi, ba ta kuma buƙatar miyagun sinadarai. Rauninta shi ne girman ƙwayoyin yakan bambanta, domin sinadaran ganye na sauyawa gwargwadon yanayi da ƙasar da ya tsiro.

Da yake azurfa na kashe ƙwayoyin cuta, ana sanya ta a bandejin ƙuna da matatar ruwa da safa.

Sai dai shanta na da haɗari. Idan ta taru a jiki, fata kan koma shuɗiya mai toka-toka har abada. A 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke cewa ruwan azurfar da ake sayarwa a matsayin magani ba shi da tabbacin aminci ko warkarwa. Haka kuma, idan ta kwarara cikin kogi, guba ce ga kifi.